Kilomita nawa kake ci a keke a shekara? Lissafin da ya tsallake mutanen Katanga da Aliero

Duk ƙarshen shekara, masu hawan keke a Turai da Amurka kan cika kafafen sada zumunta da hotunan lissafinsu. Manhajar Strava, wadda ke auna tafiyar mutum ta hanyar wayarsa, takan tara wa kowa jimillar kilomitocin da ya yi daga Janairu zuwa Disamba, sai a shiga gasar nuna wa juna. Wannan ya ce ya yi 3,000, wancan ya ce 8,000, wani ya fito da 15,000 kowa ya yi tsit. Al'adar ta iso Abuja da Legas, inda ake da ƙungiyoyin masu fita atisaye da keke ranar Asabar da sassafe, da hular kwano da matsattsun kaya.

Muhawarar da ake tafkawa a kai ba ta wuce gida biyu ba: masu hawa don nishaɗi da motsa jiki, da kuma 'yan wasan da keke ne sana'arsu. Akwai gida na uku da ba a taɓa sa shi a lissafi, alhali shi ne ya fi yawa a ƙasarmu. Shi ne mutumin da zai fito daga Katanga ko Fagada da asuba, ya ɗaura kaya a kariya, ya nufi Jega, ya dawo da la'asar, gobe ma haka. Kekensa ba shi da mita, wayarsa ba ta ƙirga masa komai. To da za a ƙirga, a ina zai faɗo?

Masu nishaɗi da ƙwararru

A fara da mai hawan ƙarshen mako. Idan yana yin kilomita 40 kowace Asabar, ya yi haka makonni 50, ya tashi da 2,000 a shekara. Wanda ya fi shi himma, mai fita sau uku a mako yana cin 30 zuwa 35 a kowace fita, zai kai wajen 5,000. Wanda ya kai 10,000 alhali yana da aikin ofis, wannan ya riga ya mayar da keke kishiyar iyalinsa, domin sai ya yi kusan kilomita 200 duk mako ba fashi.

Ko a Holan, ƙasar da kekuna suka fi mutane yawa, abin da mutum ɗaya ke yi a shekara idan aka raba daidai bai wuce kimanin kilomita 1,000 ba. Suna hawa kullum, amma tafiyar gajeru ce: makaranta, kanti, tashar jirgin ƙasa.

Ƙwararrun da ke shiga manyan gasanni kuwa suna cin tsakanin kilomita 25,000 zuwa 35,000 a shekara, atisaye da gasa a haɗe. Gasar Tour de France kaɗai tana kai wajen kilomita 3,300 zuwa 3,500 cikin zango 21, a makonni uku, kuma wanda ya lashe ta yakan kammala da matsakaicin gudun da ya haura kilomita 40 a awa, duk da hawan duwatsu.

Sama da su akwai wasu 'yan tsiraru da suka ɗauki shekara guda cur ba su da aiki sai tuƙa feda. A 1939 wani Bature ɗan Ingila, Tommy Godwin, ya yi kilomita 120,805 daga farkon shekara zuwa ƙarshenta, a kan keke mai giya huɗu kacal, har yaƙin duniya na biyu ya ɓarke yana kan hanya bai tsaya ba. Babu wanda ya karya wannan tarihi sai a Janairun 2016, lokacin da Ba'amurke Kurt Searvogel ya ɗara shi da kaɗan. A watan Mayun 2017 kuma wata Ba'amurkiya, Amanda Coker, ta kammala shekararta da kilomita 139,326. Wato kusan kilomita 382 a kowace rana, ba hutun Sallah ba na Kirsimeti. Ya yi daidai da zagaya duniya sau uku da kusan rabi. Mafi yawan tafiyar ta yi ta ne a wani zagayayyen titi na wurin shaƙatawa a jihar Florida, tana kewaya shi daga safe har dare.

Mutumin Katanga

Yanzu a dawo gida. Yankin Jega da Aliero da Maiyama shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce, babu tsaunukan da za su karya gwiwa. Jega mahaɗa ce: hanyar Sakkwato ta Tambuwal da Aliero, hanyar Birnin Kebbi ta Kalgo, da hanyar kudu da ta bi Maiyama zuwa Koko da Yawuri, duk a nan suke haɗuwa. Ƙauyukan da ke kewaye, irin su Katanga da Gindi da Kimba, rayuwarsu a ɗaure take da kasuwa da fadama. Aliero kuma kowa ya san ta da albasa.

A ƙaddara mutum gonarsa ko wurin kasuwancinsa na da nisan kilomita 10 daga gida. Zuwa da dawowa 20 ke nan. Idan yana fita kwana shida a mako, makonni 50 a shekara, ya yi kilomita 6,000. Ya ninka mai hawan Asabar na Abuja sau uku, ya kuma wuce mai fita sau uku a mako. Idan mai talla ne da ke bin kasuwannin ƙauye yana cin 30 a rana, lissafinsa 9,000 ne, dab da wanda ake yi wa kirari a Strava.

Ɗalibin sakandare da makarantarsa ke da nisan kilomita 5, a kwanakin karatu wajen 190 na shekara, zai yi kilomita 1,900 a zuwa makaranta kawai, ban da aike da Islamiyya.

Wannan adadi na ɗalibi yana da ma'ana ta daban. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kowane baligi ya samu aƙalla mintuna 150 na matsakaicin motsa jiki a mako. Mai tuƙa keke a hankali, kilomita 15 a awa, zai ci kilomita 37 da rabi a wannan lokaci, wato wajen 1,950 a shekara. Abin da likita ke roƙon ma'aikacin birni ya yi don gudun hawan jini da ciwon suga, yaron ƙauye ya kusa cika shi a hanyar makaranta, mahaifinsa kuma ya ninka shi sau uku a hanyar gona.

Kilomita ba ɗaya ba ce

Sai dai kada lissafi ya ruɗe mu. Wanda zai ce manomin da ya yi 6,000 ya kai kashi ɗaya cikin biyar na ɗan wasan da ya yi 30,000 bai fahimci abin ba, ta kowane ɓangare.

Keken gasa doka ta hana ya gaza kilo 6.8, kuma manyan 'yan wasa a dab da wannan nauyi suke hawa. Kuɗinsa kan haura dala 10,000. Baƙin keken ƙarfe irin Fonis da aka saba gani a ƙauyukanmu ya kusa ninka wannan nauyi sau uku tun ba a ɗora masa komai ba, ga shi giya ɗaya. A ɗaura masa buhun albasa ko jarkokin ruwa ko damin itace, a bi da shi ta cikin rairayi inda taya ke nutsewa, a watan Afrilu da zafi ke haura digiri 40, wani lokaci ma da azumi a baki. Kilomita ɗaya a wannan hali ta fi biyar a kan kwalta mai santsi cin jiki. Ɗan wasa yana da mota a bayansa ɗauke da ruwa da abinci da bakanike. Mutumin ƙauye idan taya ta yi faci, sai ya tura har inda zai samu mai faci.

Ta ɗaya ɓangaren kuma, ɗan wasa ba tara kilomita kawai yake yi ba. Atisayensa a tsare yake: yau doguwar tafiya a hankali, gobe gudu mai tsanani na 'yan mintuna ana maimaitawa, jibi hutu. Ana auna bugun zuciyarsa da ƙarfin da ƙafarsa ke fitarwa, ana auna abin da zai ci. A rana ɗaya ta babbar gasa yana iya ƙona abin da ya ninka abincin mutum na yini sau biyu ko uku, kuma ana mayar masa da shi. Manomi yana ƙona nasa ne a kan koko da ƙosai, ya isa gona ya kama fartanya. Jikinsa ya saba da juriya, amma bai taɓa koyon gudu ba, domin babu abin da zai sa shi gudu da buhu a baya.

Shi ya sa ake ganin dattijo ɗan shekara sittin yana tuƙa keke a nitse tun daga ƙauye har Jega ba ya haki, amma da za a sa shi tseren kilomita biyar da yaron da ya yi wata shida yana atisaye, yaron zai bar shi. Adadin shekara yana nuna yawan zaman mutum a kan sirdi. Ba ya nuna irin aikin da aka yi a kai.

Inda lissafin ya zama kuɗi

Ga mai nishaɗi, adadin abin alfahari ne. Ga mutumin Kebbi, kuɗi ne tsagwaronsa.

Kafin 29 ga Mayun 2023, ranar da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin mai, farashin lita a hukumance bai kai naira 200 ba. Cikin kwanaki ya haura 500, kafin ƙarshen 2024 ya wuce 1,000 a yawancin gidajen mai na Arewa. A ƙaddara babur na cin kilomita 40 da lita ɗaya. Tafiyar kilomita 6,000 za ta sha lita 150. Ko a naira 900 aka sayi lita, naira 135,000 ke nan a shekara, ban da baƙin mai da gyara. Mafi ƙarancin albashin da gwamnatin Kebbi ta amince da shi a 2024 naira 75,000 ne. Wato mai keke yana tsira da kusan albashin wata biyu na ƙaramin ma'aikaci, da ƙarfin cinyarsa.

Abin da yake biya a madadin haka shi ne lokaci. Tafiyar da babur zai yi a minti ashirin, keke mai kaya zai kwashe kusan awa. Kilomita 6,000 a gudun 12 a awa, awa 500 ce a shekara. Ga wanda lokacinsa ke kawo kuɗi, kamar dillalin albasa da ke bin farashi daga wannan kasuwa zuwa waccan, babur ya fi masa riba ko nawa ake sayar da mai. Ga malamin firamare ko ƙaramin manomi, lissafin ya juya tun 2023.

Abin da ya hana mutane da yawa bin wannan lissafi ba nisa ba ne, ido ne. A shekarun 1960 da 1970 keken Rali abin tinƙaho ne, malamin makaranta da ma'aikacin En'e ke hawansa, ana goge shi ana yi masa ado, har kamfanin Raleigh ya kafa masana'anta a Kano. Da kuɗin fetur suka shigo, sannan baburan Caina masu araha suka cika kasuwa a shekarun 2000, sai keke ya koma alamar wanda bai samu ba. Yau saurayi ya gwammace ya ci bashin babur da a gan shi a kan keke a ƙofar gidan su budurwa. Abin dariyar shi ne, a daidai wannan lokaci manyan ma'aikata a Abuja ke kashe miliyoyi suna sayen keke don su rage tumbi.

Maiduguri ta nuna cewa wannan kallo yana iya sauyawa. Tun da aka hana hawan babur a birnin a 2011 saboda rikicin Boko Haram, keke ya zama abin hawan kowa, ɗalibi da ɗan kasuwa da ma'aikaci, har ya daina zama abin magana. Tilas ce ta kawo shi, amma ya zauna.

Hanyar da ba a yi ta don shi ba

Duk ƙarin kilomita ƙarin kasada ce, kuma nan ne kwatancen ya fi ciwo. Amanda Coker ta yi tafiyarta a titin da ba ta gogayya da manyan motoci. Ana rufe hanya idan za a yi gasa. Mai keken Maiyama kuwa hanya ɗaya yake bi da tirela da tankar mai da motocin da suka yi lodin albasa za su kudu. Gefen titi a wurare da yawa ya zaizaye, ko ya zama wurin shanya da kasa kaya, don haka dole ya hau kwalta. Mafi yawan kekunan ba su da fitila, ba su da abin da ke ƙyalli a baya, ga shi lokacin fitarsu asuba ne da bayan magariba. Da hunturu kuma hazo ya ƙara rufe ido.

Ba sabon abu ba ne. A 2001 ministan sufuri na lokacin, Ojo Maduekwe, ya yi ta kiran 'yan Najeriya su koma hawan keke, har ya riƙa zuwa aiki a kai a Abuja. Mota ta ture shi ya faɗa kwata, aka mayar da maganar abin barkwanci. Darasin da ya kamata a ɗauka shi ne hanyoyinmu ba su yi tanadin mai keke ba, amma abin da aka ɗauka shi ne keke ba na mai hankali ba ne. Tun daga 2018 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 3 ga Yuni a matsayin ranar keke, jami'an hukumar kiyaye haɗura kan yi jerin gwano da kekuna a manyan birane, a ɗauki hoto a watse. A ganina, da kuɗin rigunan bikin za a sayi 'yan fitilu da ƙyallen baya a raba a tashar Jega ranar kasuwa, da an fi ceton rai.

Ko za a samu zakara daga nan?

Tambayar da masu son wasanni za su yi ke nan, kuma tarihi ya ba da dalilin yin ta. Shi kansa Tommy Godwin yaron aike ne a shagon mai kayan miya tun yana ɗan shekara 12, yana kai wa mutane saƙo a kan wani ƙaton keken ƙarfe. A nan ƙafarsa ta ginu kafin kowa ya san shi.

A Afirka ma haka abin yake. A Ruwanda, da dama daga cikin 'yan wasan ƙasar sun fara ne da kabu-kabun keke da dakon kaya a kan tsaunuka. An tsara musu ƙungiya da masu horarwa daga 2007, gasar Tour du Rwanda ta shiga jadawalin hukumar tseren keke ta duniya a 2009, kuma a Satumban 2025 birnin Kigali ya karɓi gasar cin kofin duniya ta tseren keke a kan titi, karo na farko a nahiyar. Biniam Girmay na Eritiriya ya lashe zango uku a Tour de France ta 2024, ya kuma tafi da koriyar riga. Burkina Faso, wadda yanayinta da zafinta suka yi kama da na Kebbi, tana shirya Tour du Faso tun 1987.

Najeriya fa? Tana da filin tseren keke a babban filin wasa na Abuja tun gasar Afirka ta 2003, wanda ya fi shahara da tarukan siyasa da bukukuwa. Sai a 2024 ta fara tura 'yar tseren keke gasar Olamfik, Ese Ukpeseraye, kuma da aka zo tseren cikin fili a Faris sai da tawagar Jamus ta ara mata keke. Idan wadda ta kai wannan mataki ba ta da abin hawa, ba sai an tambayi halin da yaron Katanga yake ciki ba.

Amma a yi hattara da mafarki. Juriyar da yaran ƙauye ke da ita tubali ce, ba gini ba. Abin da ya mayar da ɗan kabu-kabun Ruwanda ɗan wasa shi ne gasa da ake yi a kai a kai, da mai horarwa, da abinci, da keken da ya dace. Matakin farko ba shi da tsada: tseren 'yan makarantun sakandare tsakanin Jega da Aliero sau ɗaya a zango, a rufe hanya na awa biyu da safe, kowa da irin keken da yake da shi, a rubuta lokacin kowa. Jihar da ta iya shirya bikin kamun kifi na Argungu ba za ta kasa wannan ba. Ga jami'ar kimiyya da fasaha a Aliero, wadda ɗalibanta za su iya ɗaura wa kekuna ɗari 'yar na'urar auna tafiya na tsawon shekara, a samu adadi na gaskiya da masu tsara hanya za su yi aiki da shi.

Mai karatu da ke da wayar zamani ma yana iya gwadawa da kansa. Taswirar Google za ta nuna maka nisan gidanku da gona ko kasuwa ko makaranta. Ka ninka shi biyu, ka ninka da kwanakin da kake fita a mako, sannan da 50. Idan kana hawan babur ne, raba abin da ka samu da 40, ka ninka da farashin lita a garinku, za ka ga abin da wannan tafiya ke ci maka a shekara.